Ƙaiƙayin Yaranmu Ma Siyasa Ne: Jawabi Ga 'Yan Ɓangarenmu Na Ikara, Makarfi Da Kudan



Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, shugabannin mazaɓu, matasa maza da mata, da ku da kuke bibiyar wannan shafi daga Paki da Auchan da Saulawa, daga Gubuchi da Gimi da Gazara, daga Hunkuyi da Likoro da Doka, ina gaishe ku baki ɗaya. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Na san mafi yawanku kuna jiran ku ji inda aka kwana kan rikicin cikin gida na jam'iyya, wa ya koma ina, wa ya gana da wa. Wannan maganar tana nan, ba za ta gudu ba. Yau dai maganar ƙazuwa da makero da kyasbi na zo da ita. Wani zai ce, haba malam, ana maganar kujera kana maganar ƙaiƙayi? To ku ba ni aron kunnuwanku. In na gama, ku yanke hukunci da kanku ko wannan magana ta shafi siyasa ko ba ta shafa ba.

Mu fara da ƙazuwa, don ita ce uwa uba. Ɗan ƙaramin ƙwaro ne yake kawo ta, dangin kaska, amma ido ba ya ganinsa sosai. Macen takan huda fata ta shiga ta yi rami, tana saka ƙwai biyu zuwa uku kullum, su kuma su ƙyanƙyashe cikin kwana uku ko huɗu. Wuraren da ta fi so su ne tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu da matse-matsi. Alamarta da kowa ya sani ita ce ƙaiƙayi mai tsanani da daddare, yaro ya yi ta susa har gari ya waye. Ana ɗaukarta ne ta haɗuwar fata da fata na tsawon lokaci, da kwana a shimfiɗa ɗaya, da lulluɓa da bargo ɗaya. Shi ya sa take samun gindin zama a ɗakin kwanan ɗalibai, a zauren almajirai, da gidan da yara shida ke kwana kan tabarma ɗaya, musamman lokacin hunturu da kowa ke matsawa kusa da ɗan uwansa don jin ɗumi, wanka kuma ya ragu.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba, kuma shi ne mabuɗin maganar duka. Wanda ya ɗauki ƙazuwa karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida bai fara jin ƙaiƙayi ba, amma a cikin wannan lokaci yana iya ba wani. Ma'ana, ranar da ka ga yaro ɗaya yana susa a ɗaki, sauran ma sun riga sun ɗauka, alamar ce ba ta fito ba tukuna. Uba ya sayi magani ya shafa wa ɗansa, ɗan ya warke, ya koma ɗakin nan, bayan wata guda ta dawo. Sai uban ya ce maganin jabu ne, ko ya ce daga jini ne, ko ya ce sammu aka yi. Alhali maganin ya yi aikinsa, ɗakin ne ba a yi wa magani ba. Ƙazuwa ba a kashe ta a jikin mutum ɗaya. Duk wanda ke kwana a wurin sai an yi masa magani rana ɗaya, mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi.

To wa zai iya tara ɗalibai ɗari biyu ya yi musu magani rana ɗaya? Uba ɗaya ba zai iya ba. Malamin tsangaya da yake fama da abin da yaran za su ci ba zai iya ba. Aikin hukuma ne, aikin sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne, aikin kansila ne da ciyaman. Kun ga inda siyasar ta shigo ko?

Kada kuma wani ya ce ai ƙaiƙayi ne kawai, ba ya kisa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan yaro ya yi ta susa fata ta fashe, sai ƙwayoyin bakteriya su samu ƙofa, wurin ya yi mugunya, ya zama ƙuraje masu ɓawo ko maruru ko gyambo. Akwai irin bakteriyar da, bayan ta kama fata da 'yan makonni, takan jawo kumburin ƙoda. Sai ka ga fuskar yaro ta kumbura da safe, ƙafafu sun kumbura, fitsarinsa ya ragu ya koma kalar baƙin shayi, jininsa ya hau. Masana kuma suna danganta irin wannan bakteriyar da ciwon da ke lalata ƙofofin zuciyar matasa. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan: yaron da ya yi ƙuraje masu mugunya, daga baya fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya canja kala, a kai shi babban asibiti ranar, na Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi, in ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kuɗin da za a kashe a Shika kan ƙodar yaro ɗaya zai sayi maganin ƙazuwar ɗakuna da yawa.

Kuma ba mu kaɗai ke fama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci akwai aƙalla mutum miliyan 200 da ke ɗauke da ƙazuwa a duniya, kuma a 2017 ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Ku lura da sunan da aka ba su: waɗanda aka yi watsi da su. An yi watsi da su ne don cututtukan talaka ne. Ɗan mai kuɗi yana da gadonsa shi kaɗai, da tawul ɗinsa, da famfo a bayan gida.

Maganinta kuwa sananne ne, ba shi da tsada. Akwai man famitrin da ake shafawa daga wuya har tafin ƙafa, a kwana da shi, a wanke da safe, a maimaita bayan mako guda. Akwai ruwan benzil benzowet da aka daɗe ana amfani da shi a asibitocinmu, yana da zafi a fata, don haka ana sirka shi ga ƙananan yara. Akwai man farar wuta da iyayenmu suka sani tun da. Akwai kuma ƙwayar aibamektin, wadda mutanen jihar nan da dama suka sani da sunan Mectizan, don an daɗe ana raba ta saboda cutar makantar kogi. Ita wannan ma'aikacin lafiya ne ke ba da ita gwargwadon nauyin mutum, ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako guda, don ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ba a jikin mutum yake ba. Sannan a sani, ƙaiƙayin yakan ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu. Kada a ce magani bai yi ba a yi ta ƙara shafawa har fata ta ƙone.

Shin yi wa jama'a magani gaba ɗaya yana aiki kuwa? An gwada. A wasu tsibiran ƙasar Fiji an ba mutanen gari duka magani lokaci ɗaya, aka fitar da sakamakon a 2015. Inda aka yi amfani da aibamektin, masu ƙazuwa sun sauko daga kusan 32 cikin 100 zuwa ƙasa da 2 cikin 100 bayan shekara guda, ƙuraje masu mugunya ma suka ragu ƙwarai. Abin da ya yi aiki a can shi ne tsari: kowa da kowa, lokaci ɗaya.

Na biyu makero. Wannan ba ƙwaro ba ne, ƙwayar cuta ce dangin funfuna. A jiki yakan yi da'ira mai ƙaiƙayi, bakinta ya ɗan tashi, tsakiyarta ta yi fes. A ka kuwa yakan yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashi ya kakkarye, wani lokaci wurin ya kumbura ya yi ta tsatstsafo da ruwa, in an bar shi ya warke da tabo, gashi ba ya sake fitowa a wurin har abada. Ana ɗaukarsa ta aska da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai, har da dabbobin gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa mai a kan makeron ka. Cutar tana cikin tushen gashi, man shafawa ba ya kaiwa can. Sai an sha magani, irin su girisiyofulbin, mako shida zuwa takwas ba fashi. Nawa ne cikin iyayenmu aka taɓa gaya musu haka? Sai a yi ta goga masa baƙin man inji ko ruwan batir ko kalanzir, kan yaro ya ƙone, makeron kuma yana nan. Don girman Allah a daina wannan.

Na uku kyasbi, wanda ya fi damun samari da 'yan mata, fari-fari ko duhu-duhu a ƙirji da baya da wuya. Ƙwayar da ke kawo shi tana zaune a fatar kowa, zafi da gumi da maiƙon jiki ne ke sa ta yi yawa, shi ya sa ya fi kama masu tasowa. Ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa a wurin wani, don haka a daina tsangwamar mai shi. Akwai sabulun ruwa da man shafawa da ke maganinsa, sai dai launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai. Amma ga gargaɗi: duk tabon da ya yi haske a fata, kuma in an taɓa shi da auduga ko tsinke mutum ba ya ji, wannan ba kyasbi ba ne har sai likita ya duba, don haka kuturta take farawa. Cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye kusa da Zariya, ba nisa da mu. Maganin kuturta kyauta ne, kuma ana warkewa sarai in an fara da wuri, kafin ta taɓa yatsu.

Samarinmu masu aikin fadama, masu ban ruwan rake a Makarfi da Kudan, masu tumatir a Ikara, ku ma kuna da naku: tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya jiƙe ya tsage, ko matse-matsi ya yi ta ƙaiƙayi. Yini cikin ruwa da takalmin roba ke kawo shi. In an tashi aiki a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu sosai, kada a yi aron wando ko tawul.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Matashi ko budurwa in suka ga abu a fatarsu, kunya ba ta barinsu su je asibiti. Sai su je kemis, ko wurin mai tallan magani a kasuwa, a ba su man nan mai haɗi uku da ake cewa yana maganin komai. A cikinsa akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, a ce wallahi maganin nan yana da kyau. Alhali sitiroyid ɗin garkuwar fata ya danne, makeron ko ƙazuwar suna ta bazuwa a ƙarƙashi, ranar da aka daina shafawa su dawo ninki. 'Yan mata kuma suka lura yana sa fata haske, sai ya zama man bilicin. Ƙarshensa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙurajen fuska su ƙaru, rauni ya ƙi warkewa. A Indiya irin wannan shafe-shafe ba bisa ƙa'ida ba yana cikin abubuwan da masana suka ɗora wa alhakin ɓullar wani makero mai taurin kai da ba ya jin maganin da aka saba, kuma an riga an gan shi a Turai da Amurka. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Iyaye, ƙurajen fuska na balaga ba cuta ce da ake ɗauka ba, kuma ba alamar rashin tarbiyya ba ce. Canjin jiki ne. In kuka tsangwami yarinya a kansu, ku kuka tura ta wurin mai man bilicin.

To jama'a, ku duba abubuwan da na lissafa, me ke ƙarƙashinsu? Cunkoso a wurin kwana. Rashin ruwa. Rashin magani a asibitin mazaɓa. Rashin wanda zai yi wa mutane bayani. A cikin huɗun nan wanne ne laifin yaro? Ka ce wa almajiri ya riƙa wanka kullum, alhali famfon tuƙa-tuƙan unguwar ya shekara a lalace, kuma jarkar ruwa sai da kuɗi. Wa'azin tsafta ba ya amfani inda babu ruwa.

Kuma ba za a ce babu hanya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar da aka sa a gaba ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki. Talatin daga cikinsu namu ne, goma a Ikara, goma a Makarfi, goma a Kudan. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Sannan a Makarfi aka kafa kwalejin koyar da aikin lafiya da ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ta yaye ma'aikatan da ke aiki a asibitoci ko'ina a jihar nan da wajenta. Ƙasar da ke horar da ma'aikatan lafiyar wasu, bai kamata a ce ƙazuwa ta gagari yaranta ba.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara ɓangarenmu ya riƙe a matsayin buƙata, ga duk wanda ke kan kujera yanzu, namu ne ko ba namu ba, da duk wanda zai zo neman ƙuri'armu gobe.

Na ɗaya, kowane asibitin mazaɓa ya kasance yana da maganin ƙazuwa da na makeron ka a kowane lokaci, a farashin da talaka zai iya.

Na biyu, a farkon kowane zangon karatu ma'aikatan lafiya su shiga makarantun kwana da tsangayoyi su duba fatar yara, inda aka samu ƙazuwa a yi wa ɗakin duka magani rana ɗaya, a koma bayan mako guda. A yi wannan da yardar malamai da iyaye, cikin girmamawa, mata su duba 'yan mata.

Na uku, kafin a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse don a sa allo da sunan wani, a gyara waɗanda suka lalace a kusa da makarantu.

Na huɗu, a tara wanzamai da masu shagon aski da masu kemis a wayar musu da kai: yadda ake tsaftace injin aski tsakanin kai da kai, sabuwar reza ga kowane mutum, da haɗarin sayar da man sitiroyid ga duk wanda ya zo da ƙaiƙayi. Su ba abokan gaba ba ne, su ne mutanen da yaranmu ke fara zuwa wurinsu.

Na biyar, a rubuta wannan aiki a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da sunansa da adadinsa, don mu samu abin da za mu riƙe mu tambaya a ƙarshen shekara.

Mu kuma fa, me za mu yi? Don ba daidai ba ne mu zauna muna nuna yatsa. A kowace mazaɓa cikin talatin ɗin nan muna da shugaban matasa da shugabar mata. Su zagaya su rubuta makarantun kwana da tsangayoyin da ke mazaɓarsu, yara nawa ke kwana a ɗaki, ina suke samun ruwa, famfon yana aiki ko ba ya yi. Su je asibitin mazaɓa cikin ladabi su tambayi jami'in da ke kula da shi ko akwai waɗannan magunguna. Su kai takardar ga kwamitin ci gaban mazaɓa da kansila, su ajiye kwafi. Wanda yake da hali a cikinmu ya sayi sabulu ko tabarmi ya kai tsangayar unguwarsu. Masu ilimin lafiya a cikinmu su ba da rana ɗaya a wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma ina roƙonku abu guda, kuma da gaske nake. Kada kowa ya ɗauki hoton yaro mai ƙuraje ya ɗora a Facebook ko WhatsApp don ya kunyata ciyaman ko ya ci wa ɗaya ɓangaren fuska. Yaron nan ɗan wani ne, zai girma, hoton kuma ba zai goge ba. Malamin da ya buɗe mana ƙofar tsangayarsa ya ga mun mayar da almajiransa kayan kamfen, ba zai sake buɗewa ba, kuma yana da gaskiya. Ku ɗauki hoton famfon da ya lalace. Ku ɗauki hoton takardar da kuka kai. Yaran ku rufa musu asiri.

'Yan uwanmu na ɗaya ɓangaren suna cewa mu ba mu da komai sai surutu a waya. To ga amsar da ta fi zagi. Idan zaɓe ya zo, kowa zai fito da atamfa da taliya da 'yan kuɗin cefane, abin da ba ya kai mako. Mu kuma mu zo da takarda mu ce, a mazaɓa kaza tsangaya kaza muka kai wa ma'aikatan lafiya, famfo kaza muka matsa aka gyara. Uwar da ɗanta ya samu barci bayan wata uku yana susa ba ta bukatar a karanta mata manufofin jam'iyya. In kuma su ma sun ga abin ya yi kyau sun kwaikwaya, alhamdulillahi, yaran Ikara da Makarfi da Kudan ne suka ci riba.

Shugabannin mazaɓu, a zamanmu na gaba kowa ya zo da takardar mazaɓarsa a hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya samu ɗalibi ya rubuta masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a cikin albarka, Ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.